Wace Antibodin SUMO Za Ka Saya? Kwatanci Ga Mai Bincike a Kaduna

Kuɗin bincike sun shigo, ko na TETFund ne ko na aljihunka. Malam ya sa hannu a kan tsarin aikin. Ka buɗe shafin kamfani ka rubuta SUMO, sai ga kwalaben antibodi birjik, wato furotin da ake aika wa ya kamo wani furotin don a gan shi a gwaji, kowace da hoton sakamakon gwaji a jel tsaf kamar an zana da rula. Kuɗin hannunka na kwalba ɗaya ne, in ya yi yawa biyu. Idan ta iso ta ƙi aiki, watanni sun tafi, kuma dala ba ta jira ka ba. Cinikin biri a sama ke nan, don haka gara a zauna a yi lissafi tun kafin a tura kuɗi.

SUMO ƙaramin furotin ne da sel ke manna wa wasu furotin don ya sauya musu wurin zama, ko abokan hulɗa, ko tsawon rai. Ɗan'uwan yubikwitin ne, wato furotin ɗin nan mai amino asid (tubalan ginin furotin) 76 da binciken da aka yi a kansa ya jawo kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2004. A 1996 aka gano SUMO manne da wani furotin mai suna RanGAP1. Naɗinsa ya yi kama da na yubikwitin sosai, amma a jerin amino asid kusan kashi 18 cikin ɗari kawai suka haɗa, shi ya sa antibodin yubikwitin ba ta ganin SUMO. Inzayim SAE1/SAE2 ne ke kunna shi, UBC9 ya ɗora shi a kan laisin, wani amino asid a jikin furotin ɗin da za a manna wa, dangin SENP kuma su cire shi. Riƙe sunan nan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Abin da za a auna

Na farko, wace halitta kake aiki a kai? A nan Kaduna wannan tambayar ta fi kowace nauyi. Da yawa daga cikinmu, ko a cibiyar binciken cutar sammore ta NITR da ke cikin gari, ko a ABU Zariya, ko a KASU, ƙwayoyin cuta muke bi: tirifanosoma da ƙudan tsando ke yaɗawa, da filasmodiyom na zazzaɓin cizon sauro. Kowace daga cikinsu SUMO ɗaya take da shi, kuma jerinsa ya yi nisa da na mutum. Kusan duk abin da ke kasuwa an yi shi ne don SUMO na mutum, wanda ya zo kusan ɗaya da na ɓera da sauran dabbobi masu shayarwa. Kada ka ɗauka zai kama na tirifanosoma don suna ya zo ɗaya.

Na biyu, wane SUMO, kuma a wane hali? A jikin mutum ukun da aka fi aiki da su su ne SUMO1, SUMO2 da SUMO3. Na biyu da na uku sun yi kama da juna da kusan kashi 97 cikin ɗari, har antibodi ba ta raba su, shi ya sa ake rubuta SUMO2/3. Da SUMO1 kuwa kusan rabi suka haɗa. Halinsu ma daban: yawancin SUMO1 a manne yake, kaso mai tsoka a jikin RanGAP1, alhali SUMO2/3 yana da tarin da ke yawo sake, sai sel ya shiga matsi, kamar zafi, sannan ya manne da yawa, har ya yi sarƙa. Antibodin da ke ganin sakakke da kyau ba lalle ta ga sarƙa ba. A 2022 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun jera monokulonal 24 na SUMO, wato antibodin da kowace iri ɗaya ce tak, suka gwada su, suka tarar sun sha bamban wajen ƙarfin gani, da irin SUMO ɗin da kowace ta fi kamawa, wasu ma suna taɓa ɗan'uwan da ba shi aka aike su ba.

Na uku, wane gwaji: westan bulot, wato raba furotin a jel bisa nauyi a ga kowane a layinsa, ko kamo furotin daga ruwan sel, wato IP, ko haskawa a maikiroskop? Wadda ta yi fice a ɗaya tana iya ba ka kunya a ɗayan.

Sai farashi, ba na kan shafi ba, na gaskiya: kuɗin jigila cikin sanyi, da na kwastam, da ladan dillali, da antibodi ta biyu, wadda ke kama ta farko don a ga alamarta, idan ba ka da wadda ta dace. Sai juriyar tafiya da ɗauke wuta. Sai na ƙarshe, idan ta ƙare ana tsakiyar aiki, za ka sami irinta sak?

Polikulonal ta zomo

Ana yi wa zomo allurar furotin, a ɗebi jininsa, a tace. Abin da ke cikin kwalbar taron antibodi ne iri-iri, kowace ta kama wani gefe na SUMO. Amfanin hakan shi ne alama mai ƙarfi, kuma idan sarƙa ko furotin ɗin da aka manna wa ya rufe gefe ɗaya, wata za ta kama ta wani gefen. Amma hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa: a cikin taron akwai masu kama abin da ba a aike su ba, kuma a gwajin SUMO, inda abin da kake nema dama dabbare ne mai hawa saman jel, raba gaskiya da datti yana da wuya.

Babbar matsalarta zubi. Jinin zomo ɗaya yana ƙarewa, kamfani ya koma wani zomon, lambar kaya ba ta canja ba amma abin ciki ya canja. Mai digiri na uku da zai yi shekara uku ko huɗu yana gwaji zai iya tarar da cewa kwalbar shekarar farko da ta shekara ta uku ba sa ba da hoto ɗaya. Farashinta kuma ba wani sauƙi ba ne, ɗaruruwan daloli ne a kan maikirolita 100 a manyan kamfanoni. Akwai masu araha ƙwarai daga kamfanonin da ba su nuna ko gwaji ɗaya na tabbatarwa ba. Waɗannan ni ba na ba da shawararsu ko da kyauta ne, don lokacin da za su ci maka ya fi kuɗin.

Monokulonal ta ɓera: 21C7 da 8A2

Tun 1975 da Köhler da Milstein suka fito da dabarar haibiridoma, ana iya samun antibodi iri ɗaya tak daga zuriyar sel ɗaya. A fagen SUMO akwai biyu da suka daɗe suna aiki: 21C7 ta SUMO1, da 8A2 ta SUMO2/3, dukansu daga aikin Michael Matunis. Kamfanoni suna sayar da su a tace, amma abin da ya sa na fi daɗewa a kansu shi ne ana samun su a DSHB, bankin haibiridoma da ke Jami'ar Iowa ta Amurka, wanda aka kafa a 1986 don masu bincike su sami antibodi a kan kuɗin da bai wuce na ɗawainiya ba. A can mililita ɗaya ta ruwan da sel ɗin suka zauna a ciki gomman daloli ne, ba ɗaruruwa ba.

Ruwan bai kai tatacciya kauri ba, amma yi lissafi. Idan tatacciya maikirolita 100 ce, kana surka 1 cikin 1000 a ruwa mililita 5, kowane bulot zai ci maikirolita 5, ka sami bulot 20. Idan ruwan haibiridoma mililita 1 ne, ya yi maka aiki a surki 1 cikin 100, kowane bulot zai ci maikirolita 50, nan ma bulot 20. Adadin ɗaya, kuɗin ba ɗaya ba. Surkin da zai yi maka kai za ka gano shi da gwaji, bisa kaurin da aka rubuta a jikin zubin da aka aiko maka.

Wata fa'idar kuma ita ce tarihi. A 2013 ɗakin binciken Frauke Melchior a Heidelberg ta Jamus ya wallafa hanyar kamo furotin masu SUMO na asali daga sel da naman gaɓoɓi da waɗannan biyun, ana sako su daga jikin antibodin da feftaid, wato ɗan guntun furotin. Ma'ana ba kai kaɗai ba ne a daji, akwai sawun da za ka bi, kuma mai duba takardarka ya san sunayen.

Rauninsu uku ne. Gefe ɗaya suke kamawa, idan ya rufu shi ke nan. Idan naman ɓera kake haskawa, antibodi ta biyu za ta kama antibodin ɓeran da ke cikin naman, hoto ya cika da hayaniya. Sannan ruwan haibiridoma ba shi da gilisarol, sinadarin da ke hana daskarewa, don haka yana daskarewa a firiza, kuma daskarewa da narkewa sau da yawa suna kashe shi. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, firiza mai -20 tana iya narkewa ta sake daskarewa da dare ba wanda ya sani. Ranar da ya iso a raba shi cikin ƙananan tub, na amfanin makonnin nan a firij, sauran a can ƙasan firizar da ke kan sola ko inbata, a kewaye su da ƙanƙarar roba. Kuɗin jigila ma yana iya fin kuɗin kayan, don haka a haɗa oda da maƙwabta, lab uku ko huɗu a akwati ɗaya.

Monokulonal ta zomo, musamman rikombinan

Nan ne kuɗi suke. Y299 ta Abcam don SUMO1, da 18H8 ta Cell Signaling don SUMO2/3, suna cikin waɗanda aka fi gani a takardu. Duba takardar bayanin kowace ka ga ko an rubuta rikombinan, wato an san jerin DNA ɗinta, daga shi ake ƙera ta, ba daga dabba ko tsohon sel da zai iya sauya hali ba. Kwalbar bana da ta baɗi abu ɗaya ne. A 2023 ƙungiyar YCharOS ta Kanada ta gwada antibodi 614 na furotin 65, ba na SUMO ba, ta tarar rikombinan sun fi polikulonal da monokulonal na gargajiya cin gwaji. Wannan bai wanke kowace kwalba ba, amma ya nuna inda rinjaye yake.

Wajen wuta ma sun fi sauƙin riƙo. Na Cell Signaling suna zuwa ne cikin gilisarol kashi 50, ba sa daskarewa a -20, don haka ɗauke wutar dare ɗaya ba ta jefa su cikin narke-daskare. Kuma kasancewarsu na zomo yana da wani amfani: idan ka yi IP da ta ɓera, ka duba bulot da ta zomo, layukan antibodin kamun, babba a kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 50 da ƙarami a 25, ba za su rufe maka ido sosai ba. Abin da za a sani kawai, ba a yin babban IP da su, don kwalba ɗaya za ta tafi a gwaji kaɗan.

Ka manna wa SUMO alama

Hanya ta huɗu ta kauce wa antibodin SUMO gaba ɗaya. Ka sa wa sel filasmid, wato zoben DNA, mai SUMO ɗauke da alamar His, ko HA, ko FLAG, gajerun jerin amino asid da ake gane furotin da su. Da His, za ka fasa sel cikin guwanidin mola 6, wanda ke kashe SENP nan take, ka kamo duk mai SUMO da ƙwayoyin nikel, sannan ka duba furotin ɗinka da tasa antibodin. Idan tambayarka ita ce "shin furotin kaza ana manna masa SUMO?", wannan ce ta fi ba da amsa mai tsabta, domin a kowane lokaci kaso kaɗan ƙwarai na furotin ne ke ɗauke da SUMO, bulot na kai tsaye ba ya cika nuna shi.

Filasmid ba ya tsoron zafin Maris, ana ninka shi a E. coli, kuma antibodin HA ko FLAG za ta yi maka wasu ayyukan gobe. Sai dai tana son ɗakin renon sel mai aiki: inkubeta mai iskar CO2 da ba ta mutuwa, da sinadarin shigar da DNA. Ba ta yiwuwa a jinin majiyyaci ko naman saniya daga mayanka. Kuma idan SUMO ya yi yawa fiye da ƙima yana iya mannewa inda a asali ba ya zuwa. Masu filasmodiyom su ƙara lura: ƙwayar tana da furotin masu tarin histidin, amino asid ɗin da ake yin alamar His da shi, irin HRP2 ɗin nan da gwajin zazzaɓi na tsinke ke ganowa, su ma suna kama nikel. A wurinsu HA ta fi His kwanciyar hankali.

Ka yi taka

Ga mai tirifanosoma da ba shi da halin sauya ƙwayoyin halittarta, wannan ce ta rage. A ƙera SUMO na ƙwayar a E. coli, a tace, a sami izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, a yi wa zomo biyu allura bi da bi, wata biyu zuwa uku. A ɗebi jinin kafin allura a ajiye, shi ne shaidarka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: aikin da yawa, kuma zomo yana iya ƙin amsawa. Amma idan ta yi, za ka sami mililitoci da dama da za su riƙe lab shekaru, kuma batun ya cancanci wahalar, tunda an nuna cewa a Trypanosoma brucei furotin masu SUMO suna taruwa daidai wurin da ake karanta DNA na VSG, rigar da ƙwayar ke sauyawa don ta kuɓuce wa garkuwar jiki.

A nan akwai tarko. Idan daga jinin ɓera ka ɗebo tirifanosoma, ka gwada da antibodin SUMO na mutum, ka ga layuka, kada ka yi murna tukuna. Mai yiwuwa fararen ƙwayoyin jinin ɓeran kake gani. A tace ƙwayar ta kwalam ɗin DEAE, a kuma zuba jinin ɓera mai lafiya a layi na gefe.

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Polikulonal ta kasuwa | Tsada | Daidai gwargwado | Mai sauƙi | Zubi ya canja, datti a bulot |
| 21C7 ko 8A2 daga DSHB | Araha, jigila da tsada | Ba ta son narke-daskare | Sai an nemo surki | Gefe ɗaya, hayaniya a naman ɓera |
| Monokulonal ta zomo | Tsada | Mai kyau idan da gilisarol | Mafi sauƙi | Ba ta isa babban IP |
| SUMO mai alama | Matsakaici | Filasmid ba ya lalacewa da wuri | Sai da renon sel | Mannewar da ba ta asali ba |
| Haɗin gida | Kuɗi kaɗan, lokaci da yawa | Ana rabawa a daskarar | Mai wahala | Zomo ya ƙi amsawa |

Kafin ka zagi kwalbar

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini bulot, sama fari fat, layi ɗaya a ƙasa, tana cewa an sayar mata da ruwa. Na tambaye ta me ta zuba a ruwan fasa sel. Ta lissafo komai, babu NEM, sinadarin da ke hana SENP aiki. Da zarar sel ya fashe, SENP suna yanke SUMO cikin mintoci, kuma haɗin hana narkewar furotin da aka saba saya ba ya tsayar da su. Ana buƙatar NEM, milimola 10 zuwa 20, haɗin ranar, kuma ba a haɗa shi da sinadarin DTT a lokaci ɗaya, don suna cinye juna. Ko kuma a fasa sel kai tsaye cikin SDS mai zafi, wato sabulun lab mai warware furotin. Antibodinta lafiya lau take.

Don haka duk wadda ka saya, ware kuɗin gwajin shaida. Ga SUMO1, nemi layi mai kauri wajen kilodalton 90, wato RanGAP1 mai SUMO, wanda ba tare da shi ba yake tsayawa wajen 70. Ga SUMO2/3, sa farantin sel ɗaya a digiri 43 na minti 30: dabbaren sama ya kamata ya ƙaru, sakakken ƙasa ya ragu. Wannan gwajin ba ya cin komai sai ruwan ɗumi da tamomita mai gaskiya. Sakakken SUMO nauyinsa kusan kilodalton 11 ne amma a jel yana tsayawa wajen 15 zuwa 17, kada hakan ya ruɗe ka. Mai hali ya sayi ML-792, mai hana SAE aiki: dabbaren saman da bai dushe ba bayan an sa shi, a tuhume shi. Surkin da ka yi amfani da shi kuma kada ka zubar, sa masa sodiyom azaid kashi 0.02 ka mayar firij, zai sake yin wasu bulot ɗin. Azaid ɗin dai kada ya kusanci antibodi ta biyu mai HRP, inzayim ɗin da ke fito da alama a bulot, yana kashe ta. Rubuta sunan kulon (kamar 21C7 ko Y299), da lambar zubi, da lambar rajistar antibodin, wato RRID, a littafin lab tun ranar farko.

Wa ya dace da me

Ɗalibin digiri na biyu mai sel ɗin mutum, mai son ganin ko wani magani ko tsiro yana sauya yawan SUMO gaba ɗaya: 8A2 daga DSHB, a haɗa da 21C7 idan akwatin zai ɗauka, rarar kuɗin ta tafi ga NEM da mambiren mai kyau, wato takardar bulot.

Mai digiri na uku da zai kwatanta samfuran shekaru, ko mai haska naman ɓera: monokulonal ta zomo, rikombinan. Idan firizar lab ɗinku ba ta kan sola, wannan ma dalili ne na biyan tsadar.

Mai son tabbatar da cewa furotin guda yana ɗaukar SUMO: His-SUMO da nikel, ya sauya laisin ɗin da yake zargi zuwa arjinin ya ga ko layin zai ɓace, daga baya ya tabbatar da na asali ta IP da 21C7 ko 8A2, ya duba da ta zomo.

Mai samfurin asibiti ko na dabbobi, inda alama ba ta yiwuwa: antibodi biyu daga kulon daban-daban, kuma naman ya shiga sanyi mai tsanani tun a wurin ɗiba, ba bayan an taso daga Kawo an biyo cunkoso ba.

Mai tirifanosoma ko filasmodiyom: kada ya sayi ko ɗaya daga na kasuwa sai ya jera SUMO na ƙwayarsa da na mutum a kwamfuta ya ga ko gefen da antibodin ke kamawa yana nan. In babu, alamar HA idan lab yana iya sauya ƙwayar, in ba ya iyawa zomo biyu. Kafin nan ya rubuta wa ɗakin binciken da ya riga ya wallafa aiki a kan SUMO na wannan ƙwayar, ya roƙi maikirolita 50 ko filasmid, ya ce shi zai biya kuɗin aikowa.